Ni 'Yar Rakiya Ce Kawai

A gidanmu na Sheshe na tashi na tarar ana kunyar ɗan fari, da aka kawo ni gidan aure Yakasai kuma na tarar tasu kunyar ta ninka tamu. Uwa ba ta faɗin sunan 'yarta ta fari, ba ta yi mata wasa a gaban mutane, in ta faɗi ta fasa baki sai dai ki kau da kai ki ce wani ya ɗauke ta. Ni kuwa abin goma da ashirin ya zame mini, don da na haifi tawa sai maigidan ya mayar mata da sunan mahaifiyarsa, wato surukata, wadda duk gidan muke kira Hajiya. Ga sunan 'yar fari, ga sunan suruka. Ko a rediyo aka gaida mai irin sunan sai in ji kamar in ja mayafi in rufe fuska. An sa mata laƙabi don a sauƙaƙa wa irinmu, shi ma laƙabin bakina ya ƙi ɗauka. In zan kira ta sai in ce "ke", in zan yi maganarta sai in ce "ta ɗakin Hajiya", domin tun da aka yaye ta a can take kwana. Ita kuma ta ji ƙannen mijina suna ce mini Yaya sai ta ɗauka, har yau Yaya take ce mini.

Wanda bai san abin ba shi zai ce rashin so ne. Ni na san takunta tun daga soro, na san in ta ci abinci don yunwa, na san in ta ci don kada a yi magana. Tsokar da ta fi laushi a tukunya kullum kwanonta take faɗawa, bisa kuskure. Kuma kada a ɗauka ni mace ce mai sanyin baki. Sana'ata alkaki da dubulan da nakiya na gara, duk mai aurar da 'ya a unguwar nan ta san ba a taya mini kaya tayin wulaƙanci a kwashe lafiya. A kan yarinyar nan kaɗai nake zama kurma, in zama bebiya.

Tana aji huɗu na sakandare abin ya faro. Da can ita ce rediyon gidan. In ta dawo daga makaranta ko hijabi ba ta cire ba za ta zaunar da Hajiya ta koya mata bayoloji, wai zuciyar mutum ɗaki huɗu gare ta. Hajiya ta ce ita dai tata ɗaki ɗaya ce, kuma ta cika da jikoki marasa kunya. Ina madafi ina jin su, ina dariya a cikin tukunya. To wannan yarinyar ce ta yi shiru. Ta daina zuwa kitso, ta daina taɓa littafi, abinci sai ta jagwalgwala ta ture. Da safe za ta sa yunifom tsaf, ta ɗauki jaka, ta kai soro, sai ta tsaya cak. Hannunta na rawa, gumi na karyo mata, ta ce ƙirjinta zai fashe. Ran da ta daure ta tafi sai ta makara, su kuma masu makara a bakin ƙofa ake durƙusar da su kowa na wucewa yana kallo, washegari sai abin ya fi na jiya. A ƙarshe ta daina kaiwa ko soron, ta koma bayan gadon Hajiya ta juya wa duniya baya.

Masana suka yi mana caa. Hajiya ta ce ciwon shawara ne, ta jiƙa saiwoyi har ruwan ya yi kalar rini. Babanta ya ce taifot ce, don shi duk ciwon da ya wuce mura a wurinsa taifot ne. Wata gwaggon maigidan ta ce iska ce, ta zo da garwashi da ƙulle-ƙulle ta turnuƙe gidan da hayaƙi, muka fito tsakar gida muna tari, akuyar Hajiya ta tsinke igiya ta bar unguwar. Mai ciwon kuwa ko motsi ba ta yi ba. Ina tsaye a ƙofar madafi da ludayi a hannu ina kallon labulen ɗakin, kuma tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba tun da aka haife ni.

Gwajin taifot ɗin ne ya yi mana rana, don da ba a ga komai a jinin ba sai aka tura mu wajen wata likitar ƙwaƙwalwa. Hajiya ce a gaba riƙe da jikarta, ni ina baya riƙe da jakar Hajiya. Likitar ta daɗe da yarinyar su biyu, sannan ta kira mu ta tambayi wace ce uwar. Hajiya ta ce ita ce, ni kuma na duƙufa karanta wata takarda a bango mai bayanin wanke hannu. Likita ta ce ciwon damuwa ne haɗe da fargaba, ciwo ne kamar hawan jini, yana da magani kuma ana samun sauƙi.

Hajiya ta gyara zama ta ce, "Damuwa? Yarinyar da ba ta cefane, ba ta biyan haya, ko sabulun wankinta ba ta san kuɗinsa ba? Likita, in damuwa ce ai ni za ki duba."

Likitar ba ta yi fushi ba. Ta ce ciwon ba ya tambayar mutum ko yana cefane. Ta rubuta magani, ta ce a riƙa kawo ta suna tattaunawa, addu'a kuma a ci gaba, ba ta hana magani ba. Sannan ta faɗi abin da ya tsaya mini a rai: zaman bayan gado shi ke ciyar da ciwon, dole ta koma makaranta, amma a sannu, kuma sai an zauna da malamai an fahimtar da su. Ta yi bayanin abin da za a roƙa, ta ba da takardar shaida. Idona na kan hoton sabulu, amma ko kalma ɗaya ba ta wuce ni ba.

Ba a jima ba makarantar ta kira babanta a waya. In ba ta dawo kafin jarrabawar zangon ba za a cire sunanta, akwai masu jiran gurbi. Shi kuwa babanta, da yake sunan uwarsa gare ta, Mamana yake ce mata, kuma da an ce Mamana ba lafiya sai idonsa ya kawo ruwa. Hajiya ta ce ba za ta bari ƙato da gemu ya je ofishin mata ya yi mana kuka ba, ita za ta je. Ni zan riƙe jaka.

To ta yaya suruka za ta koya wa uwar mijinta abin da za ta faɗa? Ba a yi. Sai na riƙa yi wa kasko magana. Ina suyar alkaki a tsakar gida, Hajiya na kan tabarma tana jan carbi, sai in ce wa man gyaɗa, "Likita dai cewa ta yi kada a durƙusar da ita in ta makara." In juya alkaki in ce wa matsami, ita likitar ta ce a bar ta ta zauna a aji lokacin asambili, kada kuma a tashe ta karatu a gaban yara, in ƙirjin ya taso a bar ta ta fita ta sha iska, a fara da rabin yini. Hajiya ta ce wa carbinta ai ita ma tana wurin, ba da auduga ta toshe kunne ba.

Mataimakiyar shugabar makarantar ce ta karɓe mu. Tun kafin mu ɗaga labule ƙamshin turaren wuta ya gaya mana 'yar ina ce. Babarbariya ce, irin waɗanda kakanninsu suka zo daga Barno suka zauna a birni tun ba a haifi kakanninmu ba, doguwa, ga tabarau, fuskar nan ba wasa. Yara Malama kawai suke ce mata, kuma in sun faɗa sai sun waiwaya. Hajiya kuwa jinin Fulani ce, ta shaƙi turaren nan sai ta manta abin da ya kawo mu. Ta ce ashe baranyarsu aka ɗora a kujera mai juyi, lallai duniya ta zo ƙarshe. Malama ta sauke tabarau ta ce ina aka baro shanun aka shigo gari, ko an sayar an ci goro. Suka yi ta yi. Ni ina zaune a ƙasa bayan kujerar Hajiya, don ba zan haɗa kafaɗa da suruka a kujera ba, ina rungume da jaka ina jiran a zo kan maganar 'yata.

Da aka tambayi sunan ɗaliba Hajiya ta faɗe shi da ƙarfi har da na uba, tunda nata ne. Da aka tambayi abin da ke damunta sai ta ce shawara ce ta ɗan taɓa ta, sai kuma lissafi da ya yi mata yawa, a rage. Na yi tari. Ta ce kuma kada a tsayar da ita a asambili, fatar Fulani ba ta son rana. Malama ta ce duk yaran da ke filin nan rana ɗaya ke dukansu. Na sake yin tari, na matso na raɗa wa bayan kujera cewa akwai takardar likita a jaka. Hajiya ta miƙo ƙafa ta baya ta take mini yatsa.

Sai a lokacin na gane ba mantuwa ta yi ba. Tsoro take ji kada a ji kalmar likitan ƙwaƙwalwa, magana ta fita ta zaga unguwa, a wayi gari ana nuna jikarta da baki ana cewa ta taɓu. Ban ga laifinta ba, ni ma na yi wannan tunanin. Amma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Ina ji ina gani Malama ta rufe rajista ta ce ita ba ta da dalilin ware yarinya ɗaya a kan shawara, a kawo ta ranar Litinin kamar kowa ko a nemi wata makarantar. Tarin da na yi a nan ba na ƙarya ba ne, yawu ne ya sarƙe ni don baƙin ciki.

Malama ta leƙo ta saman tebur ta ce, "Wannan baiwar Allah da ke ta tari fa, wace ce?"

Hajiya ta ce, "'Yar rakiya ce."

Na ce, "Ni 'yar rakiya ce kawai, Malama."

Ta dube ni, ta dubi hoton ɗalibar da ke manne a fayil, ta sake dubana. Ni da yarinyar nan kuwa kamar an tsaga kara, har wushiryar. Sai ta kira wata malama ta ce a kai Hajiya ta ga ajin jikarta, a nuna mata inda take zama ko rana na shigowa ta taga. Hajiya ta tashi da murna, ta samu aikin dubawa. Suna fita Malama ta nuna mini kujera. Na ɗosana a gefe, na sa wa fankar sama ido, na ce wai uwar yarinyar ce ta ba ni saƙo. Wai ta ce in ce ba shawara ba ce. Daga nan bakina ya ɓalle. Na zayyana duk abin da likita ta faɗa, da tsayuwar soro, da rawar hannu, da abincin da ake turewa, da yadda yarinyar da ke koya wa kakarta ɗakunan zuciya ta koma ba ta ko amsa sallama. Duk ina cewa wai uwar ta ce, wai uwar ta gani. Na zaro takardar daga jakar Hajiya na ajiye a tebur ba tare da na sauke ido daga fanka ba.

Malama ta karanta a nutse. Ta ce ba wannan ce ta farko da ta gani ba, sai dai yawanci ba a zuwa a faɗa mata, sai ta ga kujera ta zama wayam. Sannan ita ma ta ɗaga kai ta dubi fankar, ta ce, "To ki gaya wa uwar yarinyar na ji saƙonta. Ki ce mata ta iya lura." Ta yarda da komai, har ta ƙara da cewa akwai ɗan ɗaki kusa da ofishinta mai tabarma, in abin ya taso nan za ta riƙa zuwa. Sharaɗinta ɗaya: a farkon nan wani na gida ya riƙa zama kusa, wanda za a kira da sauri. Na ce uwar tana da aiki, Hajiya za ta zo. Ta ce a tambayi mai ciwon.

Da muka koma gida Hajiya ce ta yi tambayar, don cika ƙa'ida kawai, ta ma riga ta fitar da mayafin da za ta riƙa sawa da ledar goronta. Ina tsakar gida ina tankaɗe. Daga bayan gado, murya ƙasa-ƙasa, na ji an ce, "Yaya." Hajiya ta fito tana tafa hannu, ita ta yi goyo, ita ta yi wankin kashi, ita ta hana kanta barci, yau an wayi gari an ce Yaya. Ni ban ji komai ba, tankaɗe nake. Sai da Hajiya ta ce mini kwaryar tana can gefe, a ƙasa nake zuba garin, sannan na duba. Daɗi ne ya kama ni har cikin ƙashi, ga kuma fargabar kada in kasa.

Saura dabara. In na je na zauna a ƙofar makaranta hannu rabbana, kafin azahar duk Yakasai ta ji cewa wance ta zubar da kunya tana gadin 'yar fari. Sai na cika bokiti da alkaki da dubulan, na ce ciniki ya ja baya a gida, zan gwada bakin makaranta. Da safe ita ta wuce gaba, ni in biyo ta nesa-nesa da bokiti a ka, kamar ba mu taɓa haɗuwa ba. In ta tsaya a lungu ta dafa bango, ni ma in tsaya in gyara ganwo. In ta ci gaba in ci gaba.

A bakin ƙofar akwai masu wuri tun fil azal: mai awara, mai gurasa, mai ɗanwake. Ba su yi murna da ganina ba. Mai gurasa ta ce inuwar dalbejiyar nan tata ce tun kafin a yi wa makarantar katanga. Na ce ta kawo takardar filin. Muka kwashi 'yan kallo rannan, har maigadi ya fito da sanda, ya koma da dubulan a aljihu. Abin haushi kuma sai cinikin ya karɓu. Malamai suka gano ni, ana fita tara sai su yi layi, ni da na zo gadi sai ga ni ina faɗa a kan canji. Ita kuwa in ta fito tara sai ta tsaya daga cikin ƙofa ta dubo. Ba ta gaishe ni, ba na kiran ta. In ɗaga murfin bokiti in mayar, ita kuma ta juya ta koma aji.

Ba kullum ake nasara ba. Wata rana a soro take tsayawa, sai mu koma ciki mu biyu, ƙannenta su cinye jarin. Wata rana ta kai tara ta fito mu taho. Amma a hankali, da magani da zuwa wajen likita, ranakun zuwa suka fara rinjayar na fashi. Malama in ta zo wucewa sai ta tsaya ta ɗauki alkaki ɗaya ta duba kamar mai neman aibu, ta ce, "Mai alkaki, in kin ga uwar yarinyar nan ki ce yau ta ɗaga hannu a aji da kanta." In ce zan faɗa mata in mun haɗu. Ranar mai awara ta tambaye ni abin da ya sa nake ta murmushi ni kaɗai, na ce mata yajinta ne ya shigar mini ido.

Ana gab da jarrabawa aka kawo sabon malami, ɗan bautar ƙasa, ba wanda ya tuna ya gaya masa komai. Ya shiga aji ya ga yarinya a gefe shiru, ya ga ai taimako ne ya fito da ita gaban allo ta yi karatu ta saki jiki. Ni ban san ana yi ba. Ina can na samu manyan baƙi, matan unguwarmu ne su da yawa sun dawo daga barka, cikinsu har da aminiyar Hajiya, tsohuwar da in ta ji magana da hantsi, kafin la'asar ta kai ta Shahuci ta dawo da ƙari. Sun kewaye bokitina suna ɗanɗane, suna tambayar abin da ya fito da surukar Hajiya talla. Ina cikin rantse musu cewa kasuwa ce ta yi wuya, sai ga wata malama ta fito a guje ba ko mayafi. Ta kira sunan nan, cikakke, a tsakiyar titi.

"Ina uwarta? An ce tana nan bakin ƙofa."

Matan nan duk sun san mai sunan, sun kuma san wadda ta haife ta. Suka zuba mini ido, alkaki a baki. Ni kuma na dubi bokiti. Wallahi na dube shi, na daɗe ina dubansa, shekara da shekaru na horo ba sa sakin mutum a lokaci ɗaya. Mai gurasa ta waiga hagu ta waiga dama tana neman uwar.

Malamar ta ce, "Numfashinta ne yake sarƙewa. Cewa take a kira mata uwarta."

Ban taɓa jin ta kira ni da wannan sunan ba, ko a bayan idona. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na miƙe na ce, "Ni ce." Zanina ya kwashi bokitin, alkaki ya watse har kwata, na tsallake tiren mai gurasa, takalmina ɗaya ya tsaya a can ni na yi gaba. Maigadi ya ɗaga sanda zai ce masu talla ba sa shiga, ya ga fuskata ya sauke.

Na same ta a ɗan ɗakin nan a kan tabarma, ta dunƙule, hannuwanta sun yi sanyi ƙalau, tana jan numfashi kamar wadda aka tsamo daga rijiya. Na durƙusa, sai na rasa inda zan sa hannu. Rabona da riƙe ta tun tana shan nono. Na fara dafa ta da yatsu kamar mai taɓa tukunya a wuta, sai ta faɗo jikina gaba ɗaya, na rungume ta. Na tuna likita ta ce a yi numfashi tare da ita a hankali, a ja a saki. Na ce ta bi ni. To ni da na sheƙo da gudu da wannan jikin nawa, haki nake kamar tunkiyar da aka kora daga kasuwa. In da ta bi nawa da mu biyu za a kwasa. Muna nan a haka, can sai na ji ta ce a kafaɗata, da ƙyar, "Yaya, a hankali. Ja ta hanci." Ita ta koya mini har muka daidaita.

Malama na tsaye a bakin ƙofa ta kore masu leƙe da ido kawai. Ta ce laifinta ne da ba ta sanar da sabon malamin ba, kuma yau za ta gyara. Ba ta dubi fanka ba wannan karon, ni ta duba, ta ce in kai 'yata gida ta huta. Na amsa da to, a baki kawai. Duk ajin sun gani. Abin da take gudu tun farko shi ya faru, a gaban allo, a gaban kowa. Na ce a raina shi ke nan, an koma bayan gado, gurbin ya tafi, wahalar da ta sha ta tashi a banza.

A hanya ba ta wuce gaba ba. Ta kama gefen mayafina, da muka shiga lungu kuma ta kama hannuna, ni ma ban zare ba. Haka muka ratsa unguwa da rana tsaka, ƙafata ɗaya ba takalmi, mai gurasa na biye da mu da bokitina da ta tsince abin da ya tsira. Labari ya riga mu isa, kowace ƙofa da mai leƙe. Wata ta ce yau ga zamani. Aminiyar Hajiya na tsaye a soronmu tana ba da rahoto har da kwaikwayon gudun da na yi. Hajiya ta dubi hannunmu, ta dubi jikarta, ta matsa gefe ta ba mu hanya. Abin da ta ce kawai shi ne in wanke ƙafar nan kafin in taka mata tabarma.

Na zauna a bakin rijiya ina wanke ƙafa. Ban tambaye ta komai ba, tsoron amsar nake. Ina jiran in ji ƙarar labulen ɗakin Hajiya, sai ban ji ba. Da na waiga tana zaune a dokin ƙofar ɗakina, da yunifom ɗinta duk ƙurar tabarma, ta gaji liƙis, idanun sun kumbura. Ta daɗe tana kallon bokitin da mai gurasa ta ajiye.

Ta ce, "Yaya, gobe kada ki ɗauko bokitin nan. Akwai benci a barandar Malama, ki shigo ciki ki zauna."

Na ci gaba da cuɗa ƙafar da ta riga ta fita. Na ce wa butar, "Goben za a je ne?"

"Akwai gwajin bayoloji."

Na ce to. Na tashi na shiga madafi na turo ƙofa, na yi kukana mai isata a cikin mayafi. Sannan na fito na ce ta cire yunifom ɗin ta ba ni, in ba a wanke yanzu ba ba zai bushe kafin safe ba.